Dirkar Da Za Ta Kwana A Ƙasa: Sida Ko Ɗurarren Katako?

Wanda ya taɓa zaga unguwannin bayan gari a Amurka ko Kanada zai yi mamakin yadda mutanen can suka amince wa katako. Inda mu za mu ja katangar bulo ko ta jar ƙasa, su shingen katako suke yi mai tsawon ƙafa shida, ya raba gida da gida. Dandamalin shan iska a bayan gida na katako ne, rumfar ƙofar gida ta katako ce, hatta akwatin wasiƙun da ke bakin titi a kan dirkar katako yake zaune. Saboda haka kowane mai gida a can, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya tsaya a kantin kayan gini gaban tarin katako biyu yana saƙa da warwara. Tari na farko ja-ja ne, ba nauyi, ga ƙanshi, ga tsada. Shi ne sida. Na biyun kore-kore ne, jiƙe sharkaf kamar yanzu aka tsamo shi daga rijiya, ga nauyi, amma da sauƙin kuɗi. Shi ne katakon da aka ɗura wa magani da ƙarfin inji, wanda za mu riƙa kira ɗurarren katako.

Gardamar masoya katakon nan biyu ta daɗe, kuma kowa yana da shaidarsa. Mai goyon bayan sida zai kai ka gonar kakansa ya nuna maka dirkar da aka kafa tun mahaifinsa yana yaro, ga ta nan tsaye, ba a taɓa shafa mata komai ba. Mai goyon bayan ɗurarre kuwa zai nuna maka shingen maƙwabcinsa na sida, wanda ya lashe maƙudan kuɗi, bai cika shekara goma ba iska ta kwantar da shi. Dukansu gaskiya suka faɗa. Inda aka samu saɓani shi ne, sidan da wannan yake yabo daban yake da sidan da wancan yake kushewa, ɗurarren ma hawa-hawa ne, sannan ba wuri ɗaya suke kallo a jikin dirkar ba.

A wuya dirka take mutuwa

Duk dirkar da ta faɗi, je ka duba inda ta karye. Da wuya ka ga ta karye a sama, da wuya kuma a can ƙarshen rami. Daidai inda ta haɗu da fuskar ƙasa take gutsirewa, daga taƙi guda sama zuwa kamar ƙafa ɗaya ƙasa. Sau da yawa saman yana nan garau, gindin da aka tono ma da sauran ƙwarinsa, wuyan ne kawai ya zama kamar soso.

Dalili shi ne ruɓa ci ne. Wasu ƙananan halittu 'yan gidan su funfuna da naman kaza ne suke shiga cikin katako suna narkar da zarensa, kuma abu huɗu suke nema: abinci, danshi, iska da ɗumi. In an rasa ɗaya, aikinsu ya tsaya. Katakon da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ba ya ruɓewa, ko zai shekara ɗari. Wanda ya nutse a taɓo inda iska ba ta kai shi ma haka, shi ya sa gumaguman da aka kafa birnin Venice na Italiya a kansu suke riƙe da gine-gine ɗaruruwan shekaru. Saman dirka yana jiƙewa ya bushe. Can ƙasan rami iska ta yi ƙaranci. A wuya ne abubuwan nan huɗu suke haɗuwa su zauna, rani da damina. Ta nan kuma gara take bi, domin daga ƙasa take tasowa. A kudancin Amurka, musamman jihohin bakin Tekun Meksiko, gara babbar abokiyar gaba ce, kuma birnin New Orleans ya sha fama da wata muguwar iri da ake kira garar Formosa.

Ba mai iya hana ƙasa danshi, ba mai iya korar iska ko ɗumi. Dabara ɗaya ta rage, wato a ɓata abincin. Sida da gubarsa ya fito daga daji, ɗurarre kuwa a masana'anta aka ba shi tasa. Ke nan ainihin tambayar ita ce, gubar wa ta fi yawa, ta fi ratsa jiki, ta kuma fi jure zama a wuyan nan.

Sida da jan cikinsa

Sunan kansa yana da ruɗani. Sida na asali shi ne itacen da ke jikin tutar Lebanon, kuma ba shi ake sayarwa a kantunan Amurka ba. Turawan da suka je can sun riƙa laƙaba sunan ga duk itace mai jan ciki da ƙanshi. Wanda ya fi cika kasuwa shi ne jan sida na yamma, wanda masana suke kira Thuja plicata, ƙaton itace da ke tsiro a dazuzzuka masu yawan ruwan sama na gaɓar Tekun Fasifik, daga arewacin Kalifoniya, ta jihohin Oregon da Washington da lardin British Columbia, har kudancin Alaska. Da shi 'yan asalin yankin, irin su Haida da Tlingit, suke sassaƙa kwale-kwale da dogayen ginshiƙan da suke zana tarihin zuri'arsu a jiki, kuma a 1988 British Columbia ta ayyana shi itacen lardinta. Akwai farin sida na arewa a yankin Manyan Tafkuna da Ontario da Quebec. Akwai jan sida na gabas, da ɗan'uwansa na tuddan tsakiyar Texas, inda sarar dirkokin sida ta zama sana'ar gado ga wasu iyalai.

In ka datse gungumen sida za ka ga launi biyu, jan ciki da farin gefe. Farin gefen shi ne sashen da ke aiki, ta nan ruwa yake hawa daga saiwa zuwa ganye, a nan kuma itacen yake ajiye abincinsa. Jan cikin ya daina aiki, itacen ya cusa masa sinadarai, ciki har da wanda ake kira tujafilisin, waɗanda suke ba shi launi da ƙanshi, suke kuma korar masu ruɓarwa. Duk sunan da sida ya yi, jan cikin ne ya yi masa. Farin gefen yana ruɓewa cikin 'yan shekaru kamar na kowane itace.

A nan gizo yake saƙar. Dirkar gonar kakan nan an faskaro ta ne daga tsohon itacen da ya yi ɗaruruwan shekaru a daji, kusan dukkanta jan ciki ce. Irin waɗannan dazuzzuka an sare da yawansu, saura kuma an killace wasu. Da yawa daga cikin sidan da ke kanti a yau daga itatuwa masu ƙananan shekaru yake, masu saurin girma, masu faɗin farin gefe. Sai ka ɗauki dirka, irin wadda kafintocinmu za su kira fo-bai-fo, ka tarar kusurwa biyu ko gefe guda sukutum fari ne. An sayar maka da sunan sida, kuma ba a yi maka ƙarya ba, amma farin nan da ya shiga ƙasa shi ne ƙofar ɓarna. Shi ya sa kundin ƙa'idojin ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka suke bi bai yarda a kira katako mai jure ruɓa ba sai jan ciki ya kai kashi 90 cikin 100 na faɗin kowane gefe. Sannan ko jan cikin, in ya daɗe cikin ƙasa mai laima, ruwa yana wanke sinadaransa sannu a hankali.

Yadda ake ɗura wa katako magani

Dabarar ta tsufa. A 1838 wani Bature ɗan Ingila, John Bethell, ya yi rajistar hanyar cusa wa katako kiriyosot, wani baƙin mai mai wari da ake tatsa daga kwaltar kwal, kuma kamfanonin jirgin ƙasa suka rungume ta don katakon da ake shimfiɗa layin dogo a kai. Har yau ginshiƙin aikin bai sauya ba. Ana tura katako cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe a rufe ruf, a zuƙe iskar da ke ciki, a cika ta da ruwan magani, sannan a matsa da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota sau huɗu ko biyar, har maganin ya ratsa ƙofofin zaren katakon. Bambancin wannan da shafawa da buroshi kamar bambancin rina zane ne da yayyafa masa shuni.

A 1933 wani masani ɗan Indiya, Sonti Kamesam, da ke aiki a cibiyar binciken gandun daji ta Dehradun, ya haɗa maganin da ya mallaki kasuwa shekaru da dama, wato CCA. Ya gauraya jan ƙarfe don kashe masu ruɓarwa, da asinik don ƙwari, da kuromiyom wanda ke ɗaure su a jikin katako. Jan ƙarfen ne yake ba katakon launin kore. Maganin ya yi aiki ƙwarai, sai dai asinik guba ce, ga shi ana gina wuraren wasan yara da teburan cin abinci da katakon. A Fabrairun 2002 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta sanar cewa masu masana'antu sun amince su daina amfani da shi a katakon gidaje daga ƙarshen 2003, Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi a 2004. Har yanzu ana sa shi a falwayoyi da dirkokin gona da ginshiƙan gadoji, amma katakon kantin gidaje ya koma magungunan da jan ƙarfe ya rinjaya a ciki, irin su ACQ da CA da MCA.

Wani abin mamaki shi ne, farin gefen da yake aibi a jikin sida shi ne abin nema a nan, domin shi yake shan magani. Jan cikin yawancin itatuwa a toshe yake. Shi ya sa itacen fayin na kudancin Amurka, mai faɗin farin gefe, ya zama sarkin ɗurarren katako. A yammacin ƙasar kuwa, inda itatuwan ba sa shan magani da sauƙi, sai an bi jikin katakon da inji an tsattsaga shi da ƙananan wuƙaƙe, kamar mai yin shasshawa, kafin a tura shi tukunya. Ko da hakan, maganin fata yake yi, tsakiyar tana nan ba magani.

Sannan ɗuri hawa-hawa ne. Ƙungiyar masana kare katako ta Amurka, AWPA, wadda aka kafa a 1904, ta kasa shi gida-gida. UC3B na katakon da ruwa ke duka amma bai taɓa ƙasa ba. UC4A na wanda zai shiga ƙasa, kamar dirkar shinge. UC4B na wanda zai shiga ƙasa kuma ya ɗauki gini, ko wurin da ruɓa ta yi ƙamari. A zamanin CCA ma'aunin shi ne kilo 4 na magani a kowace mita kubik ta katako ga na sama, kilo 6.4 ga na ƙasa, kilo 9.6 ga mai ɗaukar nauyi. Da ido ba za ka bambance su ba, duk kore ne. Shaidar tana kan wata 'yar takardar roba da ake maƙalawa a bakin kowane katako. Yawancin labaran ɗurarren da ya ruɓe da wuri, in ka bi sawu, za ka tarar na sama aka binne, ko an datse dirka aka sa datsattsen bakin a rami, ko kuma dirkar daga tsakiyar gungume aka fitar da ita, inda magani bai shiga ba.

Shaidar filin gwaji

Gani ya kori ji. Amurkawa sun ware filaye inda ake kafa dirkoki layi-layi a bar su, ana zuwa ana girgiza su shekara bayan shekara a ga wadda ta faɗi. A ƙarshen shekarun 1920 Farfesa T. J. Starker ya buɗe irin wannan fili kusa da Corvallis a jihar Oregon, kuma a can faskararrun dirkokin jan sida na yamma sun yi shekara ashirin da 'yan kai a matsakaici. Cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke Madison a jihar Wisconsin tana da nata filin kusa da Saucier a kudancin Mississippi, wuri mai zafi da ruwa da gara, tun ƙarshen shekarun 1930. A can dirkar fayin da ba a yi wa komai ba ba ta kai shekara huɗu. Waɗanda aka yi wa ɗuri mai kyau aka kafa a 1949 kuwa, da yawansu sun haura shekara hamsin suna tsaye.

A lura da abu biyu. Na farko, sidan Oregon ɗin irin na da ne, mai jan ciki zalla, kuma ƙasar can ba ta kai ta Mississippi cin katako ba. Na biyu, waɗanda suka yi shekara hamsin ɗin tsofaffin magunguna aka ɗura musu, na yanzu kuwa ba su kai wannan daɗewa a kasuwa ba. Duk da haka alƙiblar a fili take. Cikin ƙasa mai laima, katakon da ya sha magani daidai gwargwado ya fi sida daɗewa. Kundin ƙa'idojin ginin ma ya yanke hukunci haka: duk katakon da zai shiga ƙasa ko kankare yana ɗauke da ginin da mutane za su zauna a ciki, dole ya zama ɗurarre na ajin ƙasa. Sida an yarda da shi a sama.

Inda sida ya yi zarra

Daga wuya zuwa sama labarin ya juya. Ɗurarren katako a jiƙe ake sayar da shi, yana bushewa yana motsi. Sai dirkar da aka kafa miƙe sambal ta murɗe bayan wata uku, ta tsattsage, ƙofar da aka rataya mata ta ƙi rufuwa. Fayin ɗin kudu yana tsukewa da kimanin kashi 12 cikin 100 na girmansa daga ɗanye zuwa busasshe, jan sida kuwa kusan kashi 7 ne. Akwai ɗurarren da ake sake busarwa a tanda kafin a kai shi kasuwa, ya fi zama lafiya, amma kuɗinsa ya fi yawa. Kuma jiƙaƙƙen ba ya karɓar fenti sai an yi haƙuri ya sha iska makonni ko watanni.

Sida yana da sauƙin yanka da fiƙewa, ga kyan gani, in an bar shi ba fenti sai ya rikiɗe ya yi furfura mai ruwan azurfa, wadda wasu saboda ita ma suke sayensa. Ba shi da nauyi, busasshensa kimanin kilo 370 ne a mita kubik, inda fayin yake kai wa 570. Sai dai rashin nauyin nan yana tafe da rashin ƙarfi. Sida yana da taushi, farce ma yana yi masa tabo, kuma ba ya riƙe ƙusa kamar fayin. Dirkar da za ta ɗauki babbar ƙofa ko dandamali mai tsawo tana son ƙarfin fayin, ko kuma a ƙara kaurin sidan daga inci huɗu zuwa shida. A tuna kuma cewa fo-bai-fo ɗin Amurka suna ne kawai, ainihin kaurinta inci uku da rabi ne.

Ta fuskar kuɗi, sida ya fi tsada kusan ko'ina, kuma gwargwadon nisanka da dazuzzukan yamma gwargwadon yadda tazarar take buɗewa, har takan kai ninki biyu. Amma mai lissafi ba farashin dirka kaɗai zai duba ba. Ranar da ta karye, sai an kwance allunan shinge, an tono dunƙulen kankaren da ke gindinta, an sake haƙa rami. Ladan wannan aiki ya ninka kuɗin dirkar nesa ba kusa ba. Allon da ya lalace a sama kuwa, ƙusa huɗu za ka zare ka sa sabo.

Ƙusa, ƙura da toka

Katakon nan biyu duk suna da rigima da ƙarfe. Jan ƙarfen da ke cikin sababbin magunguna yana cin ƙusa ta yau da kullum, musamman in akwai danshi, kuma ACQ ba ya shiri da alminiyom ko kaɗan. Bayan 2004 magina da yawa sun koyi wannan darasi da tsada. Abin da ya dace shi ne ƙusar da aka tsoma cikin narkakken zinki, irin abin da ke hana kwanon rufi tsatsa, ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Sida kuma sinadaransa suna haɗuwa da baƙin ƙarfe su zubo da baƙin zane a jikin allo kamar hawayen mai kwalli. Maganin dai ɗaya ne da na ɗurarre.

Masu cewa sida na Allah ne saboda haka ba shi da illa su sani cewa ƙurar jan sida na yamma tana jawo ciwon asma ga ma'aikatan injin yankan katako, sanannen abu ne a likitance. Duk wanda zai yanka ɗaya daga cikinsu ya rufe hanci. Babban bambancin yana ƙarshen rayuwarsu. Tsohon sida ana iya hura wuta da shi ko a bar shi ya koma ƙasa. Ɗurarre ba a ƙona shi, domin hayaƙinsa da tokarsa suna ɗauke da maganin, kuma tokar mai CCA guba ce ga mutum da dabba. Akwai ma inda doka ta rufe masa ƙofa: manoman Amurka masu shaidar noma ba tare da sinadaran zamani ba an hana su kafa sabon katako mai irin waɗannan magunguna inda zai taɓa ƙasar noma ko dabbobi. Su kam sida suke nema, ko itatuwan da suka fi shi jurewa, irin su baƙin lokas da lemun Osej, waɗanda manoman ƙasar suka daɗe da sanin ƙwarinsu.

Kafawa rabin aiki ce

Katako mai kyau yana mutuwa a hannun mugun magini. Ƙa'idar da aka saba ita ce kusan sulusin dirka ya shiga ƙasa. A jihohin sanyi kuma sai ramin ya wuce iyakar inda ƙasa take daskarewa, in ba haka ba ƙanƙara ta riƙa tunkuɗo dirkar sama duk hunturu. A Minnesota wannan iyaka inci 42 ce a kudu, 60 a arewa.

Kankare shi ne abin da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Yana riƙe dirka kada ta girgiza, amma ba ya hana ta ruɓa. In aka zuba shi ya rufe har ƙasan gindi, an yi wa dirkar ƙoƙo. Katako ya bushe ya tsuke, 'yar kafa ta buɗe tsakaninsa da kankaren, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Masu sanin aiki suna fara zuba tsakuwa a ƙasan rami don ruwa ya tsiyaye, su ɗora dirka a kai, su kewaye ta da kankare ya ɗan ɗara fuskar ƙasa, su karkata samansa yadda ruwa zai gangara waje. Bakin da ya fito daga masana'anta shi ake sa wa a rami. Duk inda zarto ya bi ko aka huda, a shafe shi da maganin jan ƙarfe da ake sayarwa don haka. A yi wa kan dirka hula ko a yanke shi a karkace, domin ta baki katako ya fi shan ruwa. Kada kuma a tara ƙasa ko ciyawa a wuyanta.

Akwai hanyar da ta kauce wa gardamar ɗungurungum, ita ce a hana katako taɓa ƙasa. A zuba gindin kankare, a dasa masa takalmin ƙarfe, a ɗora dirka a kai da tazarar inci guda. Ga rumfa ko baranda, inda rufi yake ɗaure dirkoki ta sama, wannan ya ba sida damar nuna kyansa ba tare da ya shiga hatsari ba. Ga shinge kuwa, wanda iska ke turawa ta gefe, wasu bututun ƙarfe suke kafawa su lulluɓe shi da allunan sida.

Abin da ya shafe mu

Sida ba ya tsiro a ƙasar Hausa, amma ilimin da ke ƙarƙashin gardamar nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Manomin da ya zaɓi kirya don dirkar rumfa ko turken shanu, ya ƙyale itatuwa masu farin jiki, hukuncin mai neman jan cikin sida ya yanke. Maginin da ya nemi azara don rufin soro ya san giginya ta saɓa wa sauran itatuwa, ƙwarinta a bayanta yake, cikinta kuwa laushi gare shi, shi ya sa ake faskara ta a zubar da tsakiyar. Kuma abin da ya sami tsofaffin dazuzzukan sida yana samun namu. Kirya tana ƙarewa a hannun masu gawayi, giginya ma sai da aka tashi tsaye wajen kare ta a wurare irin su Dallol Mawri ta yankin Gaya a Nijar. In itace mai ƙwarin halitta ya yi wuya, dole a koma ga magani.

A nan ne ya kamata mu yi hattara, domin garar ƙasarmu ba ta hutun hunturu. Baƙin man mota da ake shafa wa gindin dirka, ko babbaka shi da wuta, fata kawai suke karewa. Da katakon ya tsage, hanya ta buɗe. Wanda aka ce masa katako ya sha magani, ya nemi a datse masa guntu ya ga zurfin inda launin ya kai. Haka kuma tsohuwar falwayar katako ko duk wani koren katako da ya zo hannu, kada a kai shi murhu, balle wurin gasa tsire.

Hukunci

Ga mai tsaye gaban tarin nan biyu, amsar a taƙaice take. Abin da zai shiga ƙasa ya zama ɗurarre, mai takardar shaidar UC4A ga shinge, UC4B ga abin da zai ɗauki gini. Abin da ido zai gani kuma hannu zai taɓa, alluna da ƙofa, nan ne kuɗin sida yake biyan kansa. Kafintocin shinge da yawa a Amurka haka suke haɗa su, kuma suna da hujja. Wanda ya nace sai sida a ƙasa, saboda yankinsu busasshe ne, ko dokar nomansa ta tilasta masa, ko yana da shi a gonarsa kyauta, to ya zaɓi mai jan ciki ta kowane gefe, ya ƙara kauri, ya kuma sa a ransa cewa wata rana zai sake haƙa ramin. Kafin ka biya kuɗi, juya bakin katakon ka duba. In sida ne, nemi ja. In ɗurarre ne, karanta takardar.